Shafin Jira

"Tukuna... har yaushe zan jira ka? Ina sonka, kai ne ba ka gani."

Mama ce ta karanta, da ƙarfi, tana bin kalmomin da yatsa a fuskar wayar. Ta gyara tabarau ta sake karantawa, wai ko idonta ne.

Ina tsaye a bayanta riƙe da littafin rubutu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aikina zana fuskar manhajar sayayya ta waya: inda hoton kaya zai zauna, girman maɓalli, launin kwando. Kafin mu saki kowace manhaja sai mun kawo mutanen gari sun gwada a gabanmu, kuma doka ɗaya muke ba su, duk abin da suka gani su karanta a fili. Ni da bakina na gaya wa Mama wannan dokar. Ni na roƙe ta ta zo, don na ce duk maɓallin da idon Mama ya gani, kowa ma zai gani.

Ga shi kuwa ta gani.

Da a kasuwa aka karanta, da an ɗauka wasa ne da kalmar jira. Amma a ofishinmu Tukuna mutum ne. Shi ke haɗa zanena ya zama manhaja mai aiki, kuma duk lokacin da aka tambaye shi ko ya gama, amsarsa ɗaya ce, har ta zame masa suna. Yana zaune a ƙarshen teburin a lokacin, kansa a sunkuye.

Manaja ya yi tarin da ba na mura ba. Abokiyar aikinmu 'Yar Gayu ta rufe baki da takarda, kafaɗunta na rawa.

"Auta," in ji Mama, ba ta ko juyo ba, "wannan ma cikin sayayyar yake?"

Ta ajiye wayar, ta ɗauki jakarta, ta yi wa Manaja godiya kamar ba abin da ya faru. Na fi tsoron wannan godiyar a kan faɗa.

Ga yadda abin ya kasance. Mai zane ba ya barin gurbin rubutu fayau, sai ya cike shi da kowace irin magana kafin a kawo ta gaskiya. Wasu shirme suke zubawa. Ni kuwa, wata bakwai da suka wuce, ina zana shafin jira, wanda ɗan da'irar nan ke juyawa kafin kaya su fito, sai na ɗaga kai na ga Tukuna yana gyara mini kujerar da ta karye ba tare da na roƙe shi ba. Hannuna ya rubuta abin da bakina ya kasa. Na ce gobe zan goge, goben ba ta zo ba.

Aikin 'Yar Gayu ne ta cire rubutun wucin gadi ta sa na gaskiya. Shafi arba'in da biyu ta gyara tsaf, har da waƙafi, ta bar guda ɗaya. Da na tare ta a bakin matakala, sai ta buɗe ido wai ta ɗauka sabon salo ne. Kowa ya san Tukuna take haɗa wa shayi kullum da safe, ko bai nema ba. Amma me zan ce mata? Ba ita ta rubuta ba.

A gida Mama ba ta ɗaga murya ba. Tana ninke kaya ta ce ita a saninta mace ake bi, kuma ko zan zubar da ajina, ban samu inda zan zubar ba sai a bakin uwata? Ta tambaye ni abin da Tukuna ya ce bayan ta fita. Na ce bai ce komai ba.

"To kin ji amsarki."

Baba ya fi ta taƙaitawa. Ya ce in kai takardar ajiye aiki ƙarshen mako, ba zai bar 'yarsa ta zama abin nuni ba. Ban yi musu ba, don ni ma ban san da wace fuska zan ƙara zama kusa da teburinsa ba.

Kwana huɗu ina zuwa ofis kamar ɓarauniya. In shige da wuri, in manna ido a kwamfuta, in ci abinci a teburina. In wani ya ce "tukuna" ko a waya ne, sai dariya ta ɓarke ƙasa-ƙasa. Shi kuwa gaisuwa kawai, ita ma idonsa a ƙasa. Na yi kuka a banɗaki har sau uku, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne har lokacin ina sonsa.

A rana ta biyar na ajiye takardata a gaban Manaja. Ya tura ta gefe ya ce in ba shi zuwa Litinin. Wai Tukuna ya riga ni zuwa, ya ce laifin nasa ne, shi ya haɗa shafin bai karanta ba, in akwai hukunci a kansa ya dace. Ya kuma nuna wa Manaja tarihin gyare-gyare, inda aka ga 'Yar Gayu ta buɗe shafin sau uku ta rufe. Sannan Manaja ya miƙo min wayar gwaji, ya ce an gyara manhajar, Mama ce kaɗai ba ta ƙarasa nata gwajin ba, a taimaka ta ƙarasa a gida gobe da la'asar.

Wato ya wanke ni a wurin aiki, ya bar ni da zuciyata. Tausayi ne kenan. Na fi jin kunyar tausayin a kan dariyar.

Washegari Mama ta karɓi wayar tana mita, Baba na gefe da rediyonsa. Ta zaɓi bokiti biyu da tabarma ta jefa a kwando. Ɗan da'irar ya fara juyawa, na kau da kai.

"Salamu alaikum, Mama," ta karanta, ta tsaya, ta ci gaba a hankali. "A bakinki na ji tambayar, shi ya sa nake so amsar ma ta fito daga bakinki. Na gani tun tuni, tsoro ne ya hana ni magana. Kunyar da Auta ta sha tawa ce, don ni ya kamata in fara faɗa. Ina sonta. Ina bakin ƙofa, in Baba ya yarda in shigo in gaishe shi."

Baba ya rage muryar rediyo.

Na leƙa ta kafaɗar Mama, hawaye na hana ni gani sosai. Maɓalli biyu ne a ƙasan rubutun. Na sama an rubuta "Ya shigo", na ƙasa an rubuta "Tukuna".

"Ji min ɗan nan," in ji Mama. "Kwana biyar 'yata na kuka yana shiru, yanzu ya aiko ni da saƙo kamar 'yar aikensa?"

Baba ya ce shi dai ba ya magana da waya, mutum yake son gani, amma wayar a hannunta take.

"Mama..." na ce. "Don Allah."

"Rufe min baki, marar kunya. Na ƙasan zan danna, ya kwana a tsaye."

Ta ɗaga yatsa. Na runtse ido.

Sai na ji an yi sallama a bakin ƙofa, da muryar nan mai sanyi da ba ta taɓa gaggawa ba. Na buɗe ido, allon ya koma kore, na saman ta danna.

Mama ta miƙo min wayar tana tsaki. "Yatsana ne ya zame. Tashi ki sa mayafi, kin tsaya kina kallona."

Na kalli maɓallan. Ƙa'idata Tukuna ya bi, wadda na yi shekara ina yi masa faɗa a kanta: manya-manya, da tazarar yatsa biyu a tsakani, yadda ba wanda zai danna wani bisa kuskure. Da hannun Mama na auna wannan tazarar.

Na tafi ɗauko mayafin.