Furar Inna Safara'u

Sada ya fara ganin Zulaihat ne a shagon hayar kaset na yayanta a Ƙofar Kaura, shekarar da wayar salula ta shigo gari. A gajiye ya zo neman wani fim ɗin Turawa na masu shan jini, don shi ke sharhin finafinai ta fuskar tarbiyya a rediyo duk Asabar.

"Malam, kai ba ka tsoron mayu?" ta ce, tana murmushin da ya fi kuka ciwo.

Sai da soyayya ta yi nisa ya gane dalili. Tun da wani yaron maƙwabta ya ambaci sunan kakarta Inna Safara'u cikin zafin zazzaɓi, aka liƙa wa tsohuwar maita. Ko ruwan gidansu ba mai sha. Manema kuwa da sun ji labari sai su sulale.

"Jikar mayya?" in ji Hajiya, mahaifiyar Sada. "In dai ina numfashi, ba ka kawo mani ita gidan ga. Ga Saudatu ɗiyar ƙanwata nan."

Zulaihat ta turo masa saƙo: "Yayana, na gaji. Ka bi maganar Hajiya. Na saba."

Ya mayar mata: "Zulaina, ki kunna rediyo ran Asabar."

Ranar, a cikin shirinsa ya ce, "Jama'a, fim ɗin ga akwai tsiraici da zubar da jini, kada a bar yara su gani. Amma mai shan jinin bai ba ni tsoro ba, haƙoran roba ne. Mutanen ƙauyen da suka kori tsohuwa kan zato, su suka hana ni sukuni. Allah ya kwatanta mai gulma da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. To mu a unguwanninmu, wa ke cin wani?"

Hajiya ta ji shirin, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa. Rannan kawai ta yafa mayafi ta ce, "Tashi ka kai ni."

Suka tarar da Inna Safara'u tana dama fura. Bayan doguwar gaisuwa ta ture ƙwaryar gefe, don ta daɗe da daina yi wa baƙi tayi.

"Inna, ba a ba baƙo?" in ji Hajiya.

Tsohuwar ta miƙa mata ludayi. Hajiya ta yi bisimilla ta shanye, ta ce, "Ƙaro mani."

Zulaihat ta fashe da kuka a bayan labule.

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Inna Safara'u ce ta dama furar walima, ko ɗigo bai rage ba. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.