Kwamfutar Dakta Hindatu

Sufeto Arzika ya tsaya a falon Dakta Hindatu da ke unguwar Yalwawa a Dutse yana sosa ƙeya. Ga waya a kan tebur, ga caja a bango, kwamfuta kaɗai aka ɗauke. Wane irin ɓarawo ne wannan?

"Me ke cikinta, Dakta?"

"Aikina kaf, Sufeto. Marar lafiya ba ya cewa e ko a'a, sai ya ce jiki da ɗan zafi-zafi, wuya ya ɗan riƙe. Lissafina yana auna kamannin wannan da kowace cuta, ya jera wadda ta fi kusa a sama. Jibi za a raba wa asibitocin ƙauye."

"An taɓa gwadawa?"

"A Taura, wurin Malam Zailani, ma'aikacin lafiya. Bawan Allah, kwanan nan 'yarsa ta rasu."

Wata maƙwabciya ta ce ita dai babur ta gani da hantsi, da shuɗin akwatin rigakafi ɗaure a baya.

A Taura, Sufeto ya yi wa Malam Zailani ta'aziyya tukuna, sannan ya tambaye shi yaushe rabonsa da Dutse.

"Rabona da Dutse tun kafin rasuwar, ranka ya daɗe," in ji Malam Zailani.

Sufeto ya dubi babur ɗin da ke jingine a zaure, da akwatinsa. Wallahi ya so a ce bai gani ba.

"Malam, me ya kashe yarinyar?"

Mutumin ya zauna daɓas.

"Sanƙarau. Na shigar da alamomin Khadijatu, kwamfutar ta sa zazzaɓin cizon sauro a sama, sanƙarau na biye, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Na bi na sama. Da hannuna na ba ta maganin."

"Ina kwamfutar?"

"Tana cikin rijiya. Ba zan bari a kai ta wani ƙauyen ba."

A ofishin 'yan sanda Dakta Hindatu ta tare Malam Zailani.

"Malam, ai na ce in biyu suka yi kusa, a tura babban asibiti!"

"A taro kika faɗa, Dakta. A cikin kwamfutar ba ki sa ba."



Wani kofur ya matso da ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya kama hannun Malam Zailani da kansa suka shige ciki.