Kafet Ɗin Ulu na Alhaji Tambari

Durƙushe Jabir yake a kan wani jan kafet, kumfa har gwiwar hannu, lokacin da keke napep ya tsaya a bakin rumfarsa ta wanki da ke kusa da tashar Ƙaura Namoda. Wata budurwa ta sauko, mai keken ya ajiye mata naɗaɗɗen kafet a gefe. Ta yi sallama, sannan ta tsaya tana kallon hannunsa.

"Malam, wanga burushi ai na wankin tayar mota ne."

Jabir ya ɗago. Ya tsaya yana kallonta, burushin a hannu.

"Hajiya, da shi nike wanki shekara huɗu, ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

"Ba su san abin da sunka rasa ba ne. Shafa nan ka ji. Ka cinye mai gashi."

Ya shafa. Gaskiyarta ce.

Sunanta Zulaihat, 'yar Alhaji Tambari mai sayar da kafet a kasuwar Shinkafi. A shagon mahaifinta ta tashi, tun tana ƙarama take bambance zaren ulu da na roba da yatsu biyu. Kafet ɗin da ta kawo na gwaggonta ne da ke zaune a Ƙaura. Kafin ta tafi Jabir ya karɓi lambarta, wai don ya sanar da ita idan ya bushe.

Kafet bai bushe ba sai bayan kwana uku, amma saƙon farko ya tafi tun kafin keken ya sha kwana.

"Malama Zulaihat, ina neman shawara. Inji nike son saye, na gaji da durƙuso. Wa zai taimaki bawan Allah?"

"Mai burushi, sai ka faɗa min irin waɗanda ka gani."

Iri biyu Oga Dung ya nuna masa. Dung mutumin Filato ne, ya daɗe a Ƙaura yana gyaran injina, shi ke sauko da su daga Kano idan an ba shi saƙo. Na farko ƙato ne mai nauyi, burushinsa guda ɗaya kamar faifai, yana juyawa a kwance da ƙara. Na biyu ƙarami ne, mutum ɗaya zai ɗora shi a babur, yana da burusai biyu kamar muciya da ke juyawa suna fuskantar juna, suna tono ƙasa daga gindin gashi su zuba a wata 'yar tasa. Ana cire burusan a sauya, masu taushi ko masu kaushi.

Jabir ya kasa tsayawa a kan ɗaya. Da safe ya zaɓi wannan, kafin azahar ya koma wancan. Ga netwok ɗin Shinkafi da ke ɗaukewa yini guda. Sai ya tura saƙo ya zauna yana juya waya, ya tashi, ya zauna, ya sake dubawa.

Amsarta ta shigo washegari.

"Jabiruna, ɗauki mai burushi biyu. Kafet ɗin ƙasarmu yashi ke kashe shi, ba maiƙo ba. In ka zuba ruwa kafin ka fidda yashi, taɓo ka kwaɓa. Babban kuma ƙarfi gare shi, bai san kafet na gida ba."

"Zuly, ke kina cikin raina kamar yashin nan, ba injin da zai fidda ki."

"Allah ya shirye ka. Ka dai ji abin da na ce."

Da ya ji ɗin, da ba a yi wahalar da aka yi ba.

Akwai Sha'aibu, ɗan aminin Alhaji Tambari, mai babban wurin wankin kafet a Zurmi. Shi ma Zulaihat yake so, kuma kowa ya san shi Alhaji ya fi karkata gare shi. Ranar da Jabir ya je wurin Dung don yanke magana, sai ga Sha'aibu ya kawo gyara. Ya dubi ƙaramin injin ya tuntsire da dariya.

"Wanga abin wasan yara za ka saye? Mutanenmu in ba su ji inji na ruri ba, ba su yarda an yi wanki. Kai dai koma ma durƙusonka."

Jabir ya nuna wa Dung babban injin.

Dung ya goge hannu da tsumma. "Jabir, wannan don kafet na masallaci yana da kyau, na roba. Amma burushin da ke jikinsa mai kaushi ne. Kar ka sa shi a ulu, ka ji ni?"

"Na ji, Oga."

Bai faɗa wa Zulaihat ba sai da ta tambaya.

"To mi ya sa ka tambaye ni?" ta ce. "Maganar Sha'aibu ta fi tawa nauyi ke nan."

Ta kashe wayar. Kwana biyu ba ta amsa saƙonsa ba, shi kuwa abinci ma a tsaye yake ci.

Injin ya yi aiki, ba a ce bai yi ba. Jabir ya wanke dogayen kafet na wani masallaci a Sakajiki, suka fito fes, mutane suka taru suna kallon yadda yake ruri. Zuciyarsa ta ɗan kwanta, har Zulaihat ta sauko ta fara kiransa mai burushinta kamar da. A wannan ƙarfin gwiwar ya aika kawunsa wurin Alhaji Tambari neman izinin aurenta.

Kawun ya dawo jiki a sanyaye. Alhaji ya ce bai raina sana'ar yaro ba, shi ma da kafet yake ci. Amma bai san shi ba, Sha'aibu kuwa a gabansa ya girma. A bar maganar.

Zulaihat ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ku gwada shi mana. Ko sau ɗaya."

Bayan mako guda motar haya ta sauke wa Jabir wani kafet daga Shinkafi, da saƙon a wanke a mayar. Na ulu ne, saƙar hannu, ruwan goro da zane baƙi. Tun aikin hajjinsa na farko Alhaji ya zo da shi, a kansa yake karɓar manyan baƙi.

Jabir ya shimfiɗa shi. So yake ya fito da shi kamar sabo, Alhaji ya gani ya rasa ta cewa. Ya tuna kashedin Dung. Sai kuma ya tuna masallacin Sakajiki, ya ce a ransa ai sau ɗaya zai bi ta kai, da sauri. Ya yayyafa ruwan sabulu, ya tayar da janareta, ya ɗora injin a kusurwa.

Bai kai ƙirga goma ba ya kashe.

Inda burushin ya zauna, gashin ya tashi buzu-buzu, da'ira guda kamar faɗin tire. Zanen ya dushe. Ya shafa, ya sake shafawa, ya kwantar da tafin hannu. Bai kwanta ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya zagaya rumfar ya fi sau ashirin. Ya ɗauki waya ya ajiye. Zai iya wanke sauran da hannu, ya naɗe kusurwar ta ciki, wataƙila a ɗora kujera a kai, ba mai lura sai bayan biki. Tunanin ya zo masa sau uku, sau uku yana jin kunyar kansa. Daga ƙarshe ya rubuta:

"Zuly, na ɓata kafet ɗin Baba. Ban ji maganarki ba, ban ji ta Oga Dung ba. Gobe zan kawo shi yadda yake. In an hana ni ke, ni na jawo."

Saƙon bai shiga ba. Haka ya hau mota da safe, bai san ko ta gani ba.

A shago ya sami Alhaji. Ya gaishe shi a durƙushe, ya warware kafet ɗin, ya fara nuna kusurwar kafin komai.

"Alhaji, ni na yi. Na sa burushin da bai dace ba, kuma an gargaɗe ni."

Alhaji ya daɗe yana shafa wurin. Fuskarsa ta haɗe.

"Shekara ashirin da bakwai yana hannuna, ko zare bai fita ba. Tashi ka ba ni wuri."

Sai da ya kai Ƙaura amsar Zulaihat ta riske shi.

"Na ji haushinka, Jabir, ba zan ɓoye ba. Amma na ji Baba na faɗa wa Inna cewa yaron bai ko naɗe ɓarnar ba. Kar ka zauna. Gyara abin da ya gyaru."

Bai zauna ba. Ya tura babban injin a baro har wurin Dung. Dung ya dube shi, ya dubi injin, ya girgiza kai.

"Ulu ko?"

"Ulu, Oga."

Suka yi musanya da ƙaramin injin. Dung ya zaunar da shi ya nuna masa: farin burushi mai taushi na ulu, mai ruwan ƙasa na roba. A fara a bushe, a fidda yashi. A gwada a wurin da ido ba ya kaiwa. Kwana goma Jabir yana koyon hannunsa a kan tsofaffin dardumai, Zulaihat na tambayarsa ta waya kamar mai jarrabawa.

Ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi na ci, ya sauka da ƙaramin injin a kafaɗa. Ya sami Sha'aibu zaune a shagon tare da Alhaji, kafet ɗin na shimfiɗe a gabansu. Jabir ya gaisa ya ce ya zo roƙon a bar shi ya ƙarasa aikin da aka ba shi, a gaban Alhaji.

Sha'aibu ya yi dariya. "Baba, ku bar shi da abin wasansa. Ni ku ba ni. Wagga ɓarna ai ba komai ba ce, reza za a sa a aske wurin, a shafa ɗan mai. Mai kaya ba ya ganewa. Mu kullum haka muke yi."

Alhaji ya juyo a hankali.

"Kullum haka kuke yi?"

"A'a, Baba, ina nufin..."

"Kafet nawa na turo maka na abokan cinikina, Sha'aibu?"

Sha'aibu ya shiga gyaran hula.

Alhaji ya dubi Jabir. "Bismillah."

Aka jawo wuta daga janaretan maƙwabci. Jabir ya sa fararen burusai, ya ɗaga gefen kafet ya gwada a can, ya jira Alhaji ya shafa ya gyaɗa kai. Sannan ya bi shi a bushe, layi layi, ba gaggawa, gumi na zuba masa. Da ya zare 'yar tasar, cike take da jan yashi. Ya juye, ya sake bi, ta sake cika. Gashin ya miƙe, ruwan goron ya fito tun ba a sa ruwa ba.

Kusurwar dai tana nan yadda take. Jabir bai taɓa ta ba.

"Wannan fa?" in ji Alhaji.

"Wannan ba ta gyaruwa, Alhaji. Sai dai ku yafe min."

Alhaji ya ɗebi yashin a tafin hannu yana murzawa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka ce wa kawunka ya dawo ranar Juma'a."

Zulaihat na bayan labulen shagon tun ɗazu, ta zo kawo wa mahaifinta abinci ta ƙi tafiya. Kwanon da ke hannunta ya kusa suɓucewa.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura auren a Shinkafi. Da wuri aka haɗa motocin kai amarya, don kowa na son a shiga Ƙaura da sauran rana. Mata na ta guɗa, direbobi na ta hon, gwaggo na faɗan a yi sauri. Alhaji Tambari ya riƙo hannun 'yarsa ya tsaya a bakin mota, ya kira ango.

"Jabir, ga ɗiyata nan. In ka yi kuskure a kanta, ka zo ka faɗa min da bakinka."

"In sha Allahu, Baba."

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya tsare hanya."

"Amin," in ji taron.

Zulaihat ta sunkuyar da kai cikin mayafi, hawaye na sauka, murmushi ya ƙi ɓoyuwa. Aka rufe ƙofar mota, suka kama hanyar Ƙaura.