Yatsu Huɗu a Saman Taga

Hannuwan marainiyar sun ƙage don sanyi, amma haka ta durƙusa tana hura gawayi a kasko, 'yan tsaki ɗari uku suna kewaye da ita. Ɗakin kiwon na mahaifinta ne. Da ya rasu, Baffanta ya gaje ɗakin, ya gaje ta ita ma. Abu ɗaya marigayin ya bar mata, shi ma magana ce: kome tsananin sanyi, a bar kafa mai faɗin yatsu huɗu a saman taga, don gawayi yana da gubar da ido ba ya gani.

Ranar da tsaki uku suka mutu, matar Baffa ta samu abin da ta daɗe tana nema.

"Ga shi nan, maigida! Da gangan take buɗe musu taga, baƙin cikinta ɗakin ya bar hannun ubanta."

"Baffa, wallahi don su sha iska ne... Abba ya ce idan aka toshe..."

Marin Baffa ne ya ƙarasa mata maganar, har shatin yatsu huɗu ya kwanta a kuncinta. Ya ce ta tattara ta koma wurin kakarta. Ta fita da ƙunshin kayanta tana hawaye, tana cewa, "Allah, Kai ne shaidata." Kaico, ko a bakin ƙofa tsakin take waiwaye!

Matar Baffa, wadda ba ta taɓa raino ko da na ƙwai ba, ta cusa buhu a kafar, ta ƙara kasko na biyu.

Da safe ɗakin ya yi tsit. Tsakin suna zube a jikin bango, bakuna a buɗe. Likitan dabbobi da aka kira ya finciko buhun ya ce, "Wa ya toshe nan? Ai wannan kafar ce ta raya su."

Matar ta kasa ɗaga ido, ranar ko ruwan hannunta Baffa bai sha ba. Ya tafi gidan kakar, ya durƙusa ya ajiye makullin ɗakin a gaban yarinyar.

"'Yata, tsakin sun mutu, na ci amanar ɗan'uwana. Ɗakin naki ne, ki yafe mini."

"Na yafe, Baffa. Ko ɗaya bai tsira ba?"

Ya girgiza kai.

Da aka kawo sababbin tsaki, shi ya hau kujera ya auna mata kafar da hannunsa. Ya jima yana kallon yatsun nan huɗu, kafin hawaye ya zubo masa.