Ƙanzon Fatu

Da magariba Zakiya ta taso daga kasuwar Bab Makka da ledar garin gero a hannu. Na kunun mahaifiyarta ne, Inna Dela, wadda ciwo ya kwantar.

Tun da Dela ta zo Jidda, shekarar da yunwa da kwalara suka watsa ƙauyensu a arewacin Dakoro, ba ta taɓa zubar da ƙanzon tuwo ba. Kankarewa take yi, ta jiƙa a kwano, ta ajiye a bakin ƙofa. "Na Fatu ne," iyakar abin da take cewa ke nan. Fatu ƙanwarta ce. A gindin wata aduwa ayarin masu gudun yunwa ya bar ta, tana amai da gudawa, aka ce mata za a dawo da abinci.

Da girki ya koma hannun Zakiya, ta daina. "Halas, ya isa haka, Inna, kyankyasai kawai muke kiwo."

Lungun gidansu shiru. Ko gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki babu.

Sai wari. Ba na kwata ba. Warin tafasasshen ganye, da na majinyacin da aka daɗe ba a wanke ba.

Ƙarr. Ƙarr. Farce a cikin busasshiyar ƙwarya.

Mace ce tsugune a ƙofarsu, ƙarangiya manne a gefen zaninta. Damtsenta bai kai kaurin muciya ba.

"Ɗiyar Dela," ta ce a shaƙe. "An sake mantawa da ni?"

Zakiya ta ƙanƙame ledar.

"In ba ƙanzo, Dela ta fito mu koma tare. Na gaji da jira."

Daga ciki, jan ƙafa. Inna, da ba ta iya tashi.

Sakata ta motsa.

Zakiya ta yage ledar, ta zazzage garin a ƙwaryar. Yatsu masu sanyi suka damƙe wuyan hannunta.

"Ɗanye ne. Amma a gindin aduwa ko dusa ban samu ba."

Yatsun suka sake ta. Ta banka ƙofa. Inna na yashe a bayan ƙofar, ta riga ta ɗaure kayanta a ƙunshi.

Daga ranar Zakiya ba ta ƙara fashin ƙanzo ba, a unguwar da ake zubar da shinkafa tire-tire a bola. Da Inna ta rasu, Zakiya ta ɗauka an gama, ta kife kwanon.

Magariba na yi ta ji kankara a ƙofa. Hannun mutum biyu ne, ɗaya na jiran ɗaya.

Yanzu kwano biyu take ajiyewa.