Turakun Safiyo a Gonar Baba

A ofishin masu binciken ƙasa Safiyo ya fara ganinta, ranar da ya je neman wata tsohuwar taswira. Tana gaban kwamfuta, hoton duniya na juyawa a allo, duk an zane ta da layuka ja da shuɗi.

"Malama, wannan kuma wane irin zanen gado ne?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Maganaɗisun duniya ne. Lissafin yadda yake sauyawa nake yi, shekara bayan shekara."

Taswira dai bai samu ba, amma ya fita da lambar waya. Kafin wata uku ya raɗa mata Tauraruwa.

Tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Da yake awon filaye ne aikinsa, aka tura shi fitar da iyakar wasu gonaki biyu. Ya ɗauko takardar awon da aka yi shekara arba'in baya, ya bi lambobinta da kamfas ɗinsa, ya kafa turaku. Bishiyar mangwaro bakwai da rijiya suka faɗa gonar maƙwabci. Ashe mai mangwaron mahaifinta ne.

"Wanda ya yanke min gona zan ba 'yata? Ko a mafarki!" in ji Baba, da ya ji Safiyo na neman aurenta.

Safiyo ya fige ya rame. Ya maimaita lissafin ya fi sau goma, kullum daidai. Ya rubuta mata:

"Tauraruwa, wallahi abin da ke takarda na bi. Ina sonki, amma ba zan yi ƙarya a awo ba."

Ta mayar masa: "Wa ya ce ka yi ƙarya, sarkin taurin kai? Turo min shekarar takardar."

Washegari ta zaunar da shi gaban allon nan.

"Arewar da allurar kamfas ke nunawa ba a tsaye take ba. A wajenmu ta gusa digiri huɗu tun wancan lokacin. Awon jiya ka bi da arewar yau."

Safiyo ya ce, "Kai! An fa koya mana wannan."

"Ranar kana gyangyaɗi ke nan."

Ogansa ya ce ya rufa wa kansa asiri, in ya amsa kuskure za a dakatar da shi. Safiyo ya ji tsoro ƙwarai, amma ya tara masu gonakin da shaidu, ya tumɓuke turakun da hannunsa.

"Ni na yi kuskure. Mangwaro da rijiya na Baba ne."

Baba ya dube shi. "Wa ya gano?"

"'Yarka ce, Baba."

"Kuma ka faɗa a gaban maza?"

"Ai gaskiyar ke nan."

Tsohon ya ce, "Turo magabatanka."

An dakatar da shi wata biyu, a cikinsu aka ɗaura auren. Da ya durƙusa neman albarka, Baba ya dafa kansa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. In ta gyara maka, Allah ya sa ka ci gaba da ji."