Sha Bakwai

Gyaran firjin ajiyar jini ne ya kawo shi ɗakin binciken. Ita kuwa shekararta uku a wurin tana ƙera wani tsinken gwaji. Ta shafa masa ƙwayoyin garkuwar jiki, aikinsu su cafke furotin guda da ke yawa a jini idan ƙoda ta fara gazawa. In sun cafke, layi biyu ya fito. Shekara uku tsinken yana cafke komai, ban da abin da aka aike shi.

"Mai firji, ka ba ni ɗigon jini mana. Masu lafiya nake nema."

"In zuciyar ma kike so, kawo kwano."

Ta rubuta lamba sha bakwai a jikin kwalbar jininsa. Sunan ya bi shi.

Sun yi wata huɗu suna soyayya kafin gwaji ya zo kan kwalbarsa. Layi biyu suka fito, raɗau.

Ta ce ai madara ta manta. A sana'arsu sai an jiƙa tsinke da ruwan madarar gari, ya toshe guraben da tarkace ke maƙalewa. Ta jiƙa, ta sake, har sau shida. Ba ta taɓa roƙon Allah aikinta ya lalace ba sai ranar.

Asibiti ya tabbatar ƙodarsa ta fara gazawa. Shugabanta ya taya ta murna.

Da ta kai wa mahaifinta maganar aurensu, Baba ya ce, "Da wani ne ya faɗa, sai in ce sharri ne. Ke da hannunki kika gano, 'yar nan. Ga ɗan ƙanwata likitan haƙori, lafiyarsa ƙalau."

"Shi ban gwada shi ba ne, Baba."

Da yamma saƙon Sha Bakwai ya shigo wayarta:

"Likitata, ki bi maganar Baba. Na san ƙarar injin da ya kusa tsayawa, sana'ata ce."

Ta rubuta masa:

"Sha Bakwai, shekara uku ina neman abin da zai kama abu ɗaya ya ƙi saki. Ashe ni ce."

Baba ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarta. Bai gamsu ba, gajiya ya yi. Aka duba katin asibitin ango, aka zaɓi ranar da ba ya ganin likita, aka ɗaura aure.

Da za a tafi da ita, Baba ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya."

Kowa ya ce amin. Ita da angon, kalmar ƙarshen, lafiya, suka yi wa tasu amin ɗin.